Wuƙa A Ƙugu, Bindiga A Daji

Dattawanmu na Kimba suna tuna zamanin da mutum zai ɗora wa jakinsa albasa, ya kama hanyar kasuwar Jega tun da asuba, ba abin da yake tsoro sai kura. Ɓarawon wancan lokaci da sanda yake zuwa, in ya ƙasaita ya riƙe wuƙa. Da an yi masa ihu sai ya ranta a na kare. Bindigar da muka sani ita ce ta maharba, a harba sau ɗaya a tsaya a sake ɗura albarushi.

Yau fa abin ya sake. Bayan faɗuwar gwamnatin Libiya a 2011 makamai suka bazu cikin hamada, waɗansu suka ratso Nijar suka shigo mana. Satar shanu a Zamfara ta girma ta zama satar mutane, ta kuwa tsallako Jihar Kebbi. Ran 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi yara da malamai, waɗansu 'yan matan ba su dawo gida ba sai 2023. A Nuwamba 2024 Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera, ƙasar Augie. Mun gode wa Allah, ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ba ta sha wuya kamar ƙasar Zuru ba. Amma hanyar Yauri da muke bi, ita suke bi.

To, bindigar daji ba mu muka kawo ta ba. Wuƙar da ke ƙugun ɗanmu fa? Wannan a gidanmu ta kwana. Samari da yawa yanzu ba su fita kallon ƙwallo ko biki sai da wuƙa, wai don tsaron kai. Gardamar da dā za ta ƙare da zagi, ko mari ɗaya, yanzu sai ta ƙare a asibiti. Ga ƙwaya, ga 'yan siyasa masu raba kuɗi lokacin zaɓe. A Kano ana soke mutum saboda wayar hannu. Kada mu ce 'ya'yan masu bi ba su ciki. Yaro yakan yi waƙa a majami'a ran Lahadi, da dare a same shi a majalisar 'yan daba.

Waɗansu 'yan'uwa suna tambaya, ko mai bi zai nemi bindiga? Tambaya ce ta mutumin da ya kwana da tsoro, ba mu raina ta ba. Dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasin. Mu kuma tuna da Maris 2022, da aka yi wa 'Yan Sa Kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba, fiye da 60 suka mutu. Jarumai ne, amma bindigar maharbi ba ta ja da AK-47. A daren da aka kama Ubangijinmu Yesu, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen Malkus. Ubangiji ya sa ya mai da shi kube, ya kuma warkar da kunnen.

Wannan ba naɗe hannu ba ne. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Mu haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi da mai unguwa da 'yan sanda, gama harsashi ba ya tambayar addini. Baƙon da ya zo yana sayen fetur da burodi da yawa, a sanar da hakimi.

Ku iyaye mata na Zumunta, ku ne masu wanke riguna da gyara shimfiɗa. In kin ga wuƙa ƙarƙashin katifar ɗanki, kada ki mayar ki yi shiru. Ki kai wa ubansa, ku zaunar da shi, ku tambaye shi wa yake tsoro.