3.2 Masallacin Juwasa: Tarihinsa da Matsalar Adana Kangonsa

A wannan sashe za a yi bayani a kan Masallacin Juwasa da ke yankin Al-Ahsa, a gabashin ƙasar Saudiyya ta yanzu, kusa da garin Hufuf. Ƙabilar Abdul Ƙaisi ce ta gina shi a wajajen shekara ta 7 bayan Hijira, wato 629 Miladiyya. Imam Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa a nan aka fara tsayar da Juma'a bayan ta Masallacin Annabi (S.A.W.) a Madina. Haka kuma, lokacin da wasu ƙabilun Larabawa suka yi ridda a zamanin Halifa Abubakar, mutanen Juwasa sun tsaya a kan Musulunci, har aka yi musu ƙawanya, sai da rundunar Ala'u bin Hadrami ta kai musu ɗauki.

Da tafiya ta yi tafiya garin ya watse, rairayi ya binne mafi yawan ginin. Abin da ya saura a fili shi ne 'yan bakan gizo guda 5 na tubalin ƙasa. Masana kayan tarihi na kyautata zaton ko su ɗin ma ba na ginin farko ba ne, na wajajen ƙarni na 9 ne. Wannan ya nuna cewa masallacin ya sha gyara hannu bayan hannu.

A shekarar 2007 hukumomin Saudiyya suka sake tayar da masallacin, da katanga da hasumiyoyi irin na tsofaffin ganuwoyin ƙasar. Sannan a 2018 hukumar UNESCO ta sanya dausayin Al-Ahsa, har da wurin Juwasa, cikin wuraren tarihi na duniya.

A nan ne matsalar take. Ginin ƙasa, in ba a yaɓe shi a kai a kai, ruwa da iska kan cinye shi, don haka barin kango a buɗe halaka shi ne. Amma kuma sabon gini yakan sa maziyarci ya ɗauka haka masallacin yake tun asali, alhali babu wani zane da ya zo mana daga wancan zamani. A ra'ayin mai wannan nazari, duk wanda zai gyara irin wannan wuri wajibi ne ya fara auna tsohon gini ya rubuta, sannan ya bar alamar da za ta bambanta tsohon tubali da sabo. Ta haka ne masallaci zai ci gaba da karɓar masallata ba tare da ya rasa shaidarsa ta tarihi ba.