Gini Uku, Harshe Uku: Kowa Ya San Inda Ya Dosa

A makon jiya mun shiga birni, unguwar Soron Ɗinki, domin karɓar rigar da muka ba da a yi wa aiki. Muna zaune a bakin soro sai maɗinkin ya nuna mana riguna a ɗaure, ya ce wannan ta Kumasi ce, wannan ta Lome, waccan kuwa ta Yawunde. Ɗinkin Kano ya daɗe yana tafiya. Bature Heinrich Barth da ya iso Kano a 1851 ya ga yadda tufafin garin ke kai wa har Timbuktu. Hirar ta tuna mana da wani saurayin ikilisiyarmu da aka yi wa alkawarin aikin gini a ƙasar "Gini". Ya kwashe watanni yana koyon Faransanci, ashe inda za a kai shi Sifaniyanci ake yi.

'Yan'uwa, Gini uku ce a wannan ɓangare na Afirka. Gini ta Konakri, Faransa ce ta mulke ta, Faransanci ake aiki da shi. Gini Bisau ta Fotugal ce, harshen gwamnati Fotugis ne, ko da yake yawancin jama'a Kiriyol suke yi a kasuwa. Ta ukun ita ce Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami 'yanci daga Sifen a 1968. Ita ce ƙasar Afirka mai cin gashin kanta da Sifaniyanci ya fi ƙarfi a makaranta da ofis. Tsibirinta Biyoko shi ne tsohon Fanando Po, inda 'yan Nijeriya da yawa suka yi ƙwadago a gonakin koko tun bayan yarjejeniyar 1942, har wahala ta sa gwamnatinmu ta kwaso su a 1975 da 1976.

Asalin wannan rabo daga Turawa ne. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, kowace ƙasar Turai ta kama rabonta, ta dasa harshenta. Ingilishi ya zauna a Nijeriya, Gana, Saliyo da Gambiya. Laberiya ma Ingilishi take yi, amma nata daga Amurka ya zo. Faransanci ya shiga Senegal, Kwaddibuwa, Togo, Benin, Nijar, Mali da Burkina Faso. Fotugis yana Kef Bad da Sawo Tome, can kudu kuma Angola da Mozambik. Kamaru tana da Faransanci da Ingilishi, Cadi kuwa Faransanci da Larabci. Shi ya sa ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, take aiki da Ingilishi, Faransanci da Fotugis.

Abubuwa kuma suna canzawa. A 2023 Mali ta sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma. A 2025 Nijar ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki.

Ƙetaren teku ma haka ne. Yawancin ƙasashen Kudancin Amurka Sifaniyanci suke yi, amma Brazil Fotugis take yi. A can ne, a Bahiya, aka kai Hausawa bayi, waɗanda suka shirya tawaye a 1807.

Me ya sa muka kawo wannan a shafin ikilisiya? Domin 'ya'yanmu suna tafiya neman abinci, waɗansu kuma aikin bishara. Hausa tana yi wa baƙo rana a zangon Kumasi, Akara ko Lome. Da ita zai sami masauki da tuwo. Amma takardar aiki, ofishin shige da fice da kotu ba da harshen zango suke magana ba. Wanda ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba, ya ba da wuyansa ga igiya. Saurayin namu Allah ya taimake shi, ya kawo takardar ga dattawa kafin ya tashi, aka nemi wanda ya fassara, aka ga sharuɗɗan ba su ne aka faɗa masa da baki ba. Ya fasa.

Littafin Farawa sura 11 ya ba mu labarin rikicewar harsuna a Babila. Ayyukan Manzanni sura 2 kuma ya nuna ranar Fentikos, inda kowa ya ji bishara da harshen garinsu. Mu ma tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, domin waɗansu sun zauna sun koyi harshenmu. Bashi ne a kanmu mu koyi na maƙwabta.

Saboda haka, iyaye da dattawan ikilisiya, duk yaron da ya zo sallama, a tambaye shi: wace ƙasa ce, wane gari, wane harshe ake yi a ofishinsu, wa zai karanta maka takarda? Matambayi ba ya ɓata. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.