Matsalar rarraba kifaye masu fatsa da danginsu

Kifayen da masana ke kira Lophiiformes duk na teku ne. A nan mun kira su kifaye masu fatsa, domin ƙayar farko ta bayansu ta rikiɗe ta koma kan kai, ta zama tamkar sandar fatsa mai koto a bakinta, kuma da ita suke yaudarar abin da za su ci. Irinsu ya haura 300.

Rabon da aka fi koyarwa, wanda Theodore Pietsch ya tsara a shekarun 1980, ya kasa su gida 5. Lophioidei su ne masu faɗin kai, waɗanda ake sayarwa a Faransa da sunan lotte. Antennarioidei, da Chaunacoidei, da Ogcocephaloidei mazauna ƙasan ruwa ne, wasunsu ma takawa suke da fikafikansu. Gida na biyar, Ceratioidei, mai dangi 11, shi ya fi yawa, shi ya fi ba masana wuya. Suna zaune a zurfin da rana ba ta kai, kuma a galibinsu koton mace yana walƙiya saboda ƙwayoyin bakteriya da ke cikinsa. Namiji ƙanƙane ne, ba shi da fatsa; a wasu dangin yakan ciji mace ya manne, har jininsu ya haɗu, kamar yadda Regan ya bayyana a 1925. Wannan bambanci ya sa a da an raɗa wa wasu mazan sunaye dabam da na matansu, an ɗauka wasu kifaye ne.

A ganinmu, irin wannan ruɗin na siffa shi ya shafi matsayin rukunin baki ɗaya. Tun shekarun 1960 aka ajiye shi kusa da kifin da Faransawa ke kira morue, bisa kamannin ƙashi. Binciken ƙwayoyin gado, daga farkon shekarun 2000, ya rushe wannan: makusantansu su ne Tetraodontiformes. A wannan rukuni ne talibambam yake (Tetraodon lineatus), kifin nan mai kumbura da sarkawa ke kamawa a kogin Isa da tafkin Cadi. A 2024 Near da Thacker sun shigar da duka biyun cikin Acanthuriformes, don haka mai koyarwa ya riƙa faɗa wa ɗalibai rabon da yake bi.