Wa Ke Ɗaukar Lamuni? Rajista da Inshora Idan Mai Babbar Mota Ya Shiga Ƙarƙashin Kamfanin Sufuri

Gabatarwa

Akwai babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal da Jega da Yawuri zuwa Kwantagora, wadda manyan motoci ke bi da hatsi da albasa da dabbobi zuwa kudu. A cikin direbobin wannan yanki, har zuwa ƙasar Kebbe, akwai waɗanda motar tasu ce, amma samun lodi a kai a kai ya fi ƙarfinsu. Sai mutum ya shigar da motarsa ƙarƙashin wani kamfanin sufuri, a liƙa mata tambarinsa, kamfani ya samo lodi, shi kuma ya tuƙa. Muddin tafiya na lafiya babu mai tambayar sunan wa ke kan takarda. Ranar da mota ta faɗi, ko aka kaɗe mutum, ranar ake neman mai biya. Wannan maƙala tana bayanin cewa wajibi ne sunan da ke kan takardu ya dace da wanda lamuni ya hau kansa a shari'a.

Wace irin ƙulla ce wannan?

Malaman Malikiyya sukan kira hayar aikin ɗan Adam ijara, hayar dabba ko gida ko jirgi kuma kira'i. Yarjejeniyar mai mota da kamfani ba ta wuce ɗayan fuska uku. Ko dai kamfani ya ɗauki motar da direbanta haya na wata ko shekara a kan kuɗi sananne, ko a yi jinga a kan kowane lodi zuwa wuri sananne, ko kuma kamfani ya zama dillali kawai, ya haɗa mai kaya da mai mota ya karɓi kamasho.

Akwai fuska ta huɗu da ta yawaita, wato a ce duk abin da mota ta samo a raba. Mashhurin mazhabar Malik ya ɗauki irin wannan a matsayin ijara ɓatacciya, domin ba a san ladan ba lokacin ƙullawa, kuma Mukhtasar na Khalil ya kawo misalinta a kan dabba. Hanbaliyya sun halatta ta bisa kamanta ta da ƙiradi. Mafita ita ce a ambaci kuɗin kowace tafiya tun kafin a ɗaura igiya.

Rajista ba ta sauya mallaka

Takardar shaidar mallaka da lasisin mota da takardar lafiyar mota suna nuna wa hukuma wanda za ta tuhuma. A 2007 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fito da tsarin da ya wajabta wa duk mai tafiyar da motoci biyar ko fiye ya yi rajista da ita. Saboda haka kamfani yakan sanya motar da ta shigo a cikin jerin motocinsa. Wannan ba ya mayar da ita tasa, domin haya mallakar amfani ce, ba mallakar asalin abu ba.

Haɗarin yana zuwa ne idan aka mayar da takardar mallaka da sunan kamfani don sauƙaƙa aiki, alhali ba a yi ciniki ba. Idan mai mota ya rasu, magada za su iske takarda tana ƙaryata su. Idan bashi ya ci kamfani, masu bin sa za su iya kama motar. Hikimar ayar bashi ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umurni da rubutu da kafa shaidu, a nan take bayyana.

Inshora: doka da fiƙihu

Tun dokar 1945 aka wajabta wa masu motoci a Nijeriya inshorar da ke biyan wanda mota ta cutar, kuma dokar gyaran harkar inshora ta 2025 ta ci gaba da wannan wajabci. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta sanya kuɗinta ga manyan motocin dako a kan naira 100,000 a shekara, tare da biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 5. Abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan inshora ba ta biyan motar kanta, ba ta kuma biyan kayan da ke cikinta. Kaya suna da tasu inshorar daban. Haka nan motar da aka yi wa inshora a matsayin mai ɗaukar kayan mai ita, sannan aka shiga dako da ita, kamfanin inshora na iya ƙin biya.

Ta fuskar fiƙihu, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, ta halatta ta taimakekeniya, ko da yake Shaihu Mustafa al-Zarƙa ya tafi a kan halaccin ta farkon. Malamai da dama sun yi rangwame a kan wadda hukuma ta tilasta, gwargwadon tilascin. Amma tun da NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, aka kuma samu kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, uzurin rashin zaɓi ya ragu. Sayen takardar inshora ta jabu don wuce shingen jami'ai kuwa algus ne, kuma wanda aka kaɗe shi ke kwana a ciki.

Lamunin kaya da na rai

Asali, ɗan dako amintacce ne, ba ya biya sai ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Sai dai Imam Malik ya keɓe mai dakon abinci, ya ɗora masa lamuni saboda saurin miƙa hannu gare shi, sai in an kafa shaidar cewa ya halaka ba da laifinsa ba, ko mai kayan yana tare da shi. Ke nan wanda ya ɗauko shinkafa ko gero daga kasuwar Tambuwal ba hukuncinsa ɗaya da mai ɗauke da siminti ba. Idan kamfani ne ya karɓi kayan da sunansa, shi mai kaya zai bi, sannan kamfani ya koma kan direba in sakacinsa ya tabbata. Idan dillali ne kawai, lamuni na kan mai mota.

Game da rai, majalisar da aka ambata ta yanke a Burunai a 1993 cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar abin da ya jawo, sai in abin ya fi ƙarfinsa. Diyyar kisan kuskure a asali tana kan aƙila, wato dangi na wajen uba. Yau da wuya dangi su iya tara ta, shi ya sa asusun takaful ya fi kusa da wannan manufa.

Kammalawa

Kafin mota ta ɗauki tambarin kowa, ya kamata a rubuta abu huɗu a gaban shaidu: irin ƙullar da ladanta, cewa mallaka tana nan ga mai ita, wanda zai biya kowace inshora da sunan da za a sa a kanta, da wanda zai amsa wa mai kaya idan an yi hasara. Ƙa'idar malamai ita ce wanda ke cin riba shi ke ɗaukar lamuni. Bai dace kamfani ya kwashe kamasho, ranar tsautsayi ya ce bai san mota ba. Allah ne mafi sani.