Ihun Da Ya Tarbi McNabb A Ranar Zaɓen 'Yan Wasa

A ƙasar Amurka akwai wani wasan ƙwallo da ya sha bamban da tamaular da aka saba gani. Ƙwallon mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗaukarsa, ana bangazar juna. Babbar ƙungiyar wasan, watau NFL, tana da wata al'ada tun 1936: kowace shekara kulob-kulob sukan zauna su zaɓi samari daga jami'o'i, ɗaya bayan ɗaya. Kulob ɗin da ya fi shan kashi bara shi ke fara zaɓe, don kada mai ƙarfi ya yi ta ƙara ƙarfi. Saboda haka magoya bayan da suka kwashi baƙin ciki shekara guda cur, a wannan rana suke sa ran za a share musu hawaye.

Haka mutanen birnin Filadelfiya suka kasance a 1999. Kulob ɗinsu, Eagles, wasa 3 kawai ya ci cikin 16 a kakar 1998, sai ya sami damar zaɓe na biyu. Jama'ar gari kuwa sun riga sun yanke shawara: Ricky Williams na Jami'ar Texas suke so, wani ƙato mai rungumar ƙwallo ya keta mutane da gudu, wanda ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Har magajin garin, Ed Rendell, ya sa baki. Wani mai shirin rediyo, Angelo Cataldi, ya tara mutum wajen 30, suka shiga mota zuwa New York don su yi wa Williams marhabin.

Ran 17 ga Afrilu aka zauna. Da shugaban ƙungiya, Paul Tagliabue, ya buɗe baki, sai aka ji sunan Donovan McNabb na Jami'ar Syracuse, mai jefa ƙwallo. Nan fa wuri ya kaure da ihu. Yaro ɗan shekara 22, ko wasa ɗaya bai yi musu ba, ya hau dandamali ya karɓi rigar kulob ana yi masa ature, duk ƙasa tana kallo a talabijin. Daga baya masu ihun sun ce ai da shugabannin kulob suke, ba da shi ba. To, amma wanda ke tsaye a kan dandamali shi ihu ya faɗa wa, kuma McNabb ya daɗe bai manta ba.

Sabon mai koyarwa, Andy Reid, bai saurari kowa ba, ashe kuwa ya san abin da ya hango. McNabb ya yi shekara 11 a Eagles. Sau biyar ya kai su wasan kusa da na ƙarshe, a Fabrairun 2005 kuma suka shiga babban wasan Super Bowl, inda New England ta tsere da 24 da 21. Kofi dai bai zo a hannunsa ba, wannan ma wasu sun riƙe shi da shi.

Shi kuwa Williams, New Orleans ce ta ɗauke shi, bayan mai koyarwa Mike Ditka ya ba Washington dukkan damarsa ta zaɓen shekarar, har da ƙari biyu na baɗi. A ƙarshen kakar aka sallami Ditka. Williams bai wuce shekara uku a can ba aka miƙa shi Miami.

Ba kullum masu ihu ke kuskure ba. A 1983 magoya bayan Jets sun yi kuwwa da aka ɗauki Ken O'Brien aka bar Dan Marino, wanda ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu jefa ƙwallo a tarihi. Sai dai na Filadelfiya su suka ga ranar da kulob ɗinsu, a 2013, ya jingine lamba 5 ta McNabb, aka ce babu ɗan wasan da zai sake sa ta.