Yadda A Ke Gaggauta Warkewar Wanda Aka Yi Wa Fiɗar Dajin Tumbi

Ran 29 ga watan Janairu na shekarar 1881, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likitan fiɗa mai suna Theodor Billroth ya yanke ɓangaren tumbin wata mace da ciwon daji ya kama, ya ɗinke abin da ya saura da hanji, ta kuwa tashi. Ko da ya ke cutar ta komo ta yi ajalinta bayan wajen wata 4, wannan ne karo na farko da aka yi irin wannan aiki mai cutar ya rayu.

Daga baya, har shekaru masu yawa, al'adar asibitoci ɗaya ce. A hana majiyyaci ci da sha tun tsakar daren da za a wayi gari a yi masa aiki. In an gama, a zura masa siririyar roba ta hanci har ciki, a bar shi kwance kwana da kwanaki ba ya sa kome a baki, don gudun kada ɗinki ya ɓalle.

Wani likita na ƙasar Danmak, Henrik Kehlet, shi ya fara nuna cikin shekarun 1990 cewa wannan tattali yana jinkirta sauƙi. Dalili kuwa, yunwa tana cinye tsokar jiki, doguwar kwanciya tana jawo ciwon huhu da daskarewar jini cikin jijiyoyin ƙafa, hanjin da aka bari ba aiki kuma ya kan daɗe bai farka ba. Da ya sake tsari, sai ga waɗansu da ya yi wa fiɗar babban hanji suna komawa gida bayan kwana 2 ko 3. Likitocin Turai suka bi sawunsa, suka kafa ƙungiyar ERAS a ƙasar Suwidin cikin 2010, a 2014 kuma ta fitar da ƙa'idodi musamman na fiɗar tumbi.

Ga yadda tsarin ya ke. Kafin aiki, mai shan taba ko giya zai bari tun da sauran mako 4, wanda ya rame kuma a fara gina jikinsa da abinci. In ba tumbin ya toshe ba, a kan bar mutum ya ci abinci har saura awa 6, ya sha ruwa garai har saura awa 2. Wajen aikin, inda hali ya yi, a kan bi ta ƙananan huji da madubin likita maimakon tsaga ciki gaba ɗaya, dabarar da Seigo Kitano ya fara yi wa tumbi a Japan cikin 1991. Bayan aiki ba a sa robar hanci sai da dalili, a kan kuma rage magunguna masu ƙarfi irin mofin, don suna sa hanji kasala. Kashegari majiyyaci zai fara kurɓar ruwa, ya sauko daga gado ya taka, kullum yana ƙarawa. An jarraba wannan a asibitoci da yawa, an ga kwanakin jiyya sun ragu ba tare da haɗari ya ƙaru ba.

To, a nan ne masu jiyya su ke da nasu aiki. Mu a ƙasar Hausa, in namu ya kwanta, tausayi ya kan sa mu ce masa, "Kwanta abinka, kada ka motsa." In ya dawo gida kuma sai a cika masa akushi da tuwo. Duka biyu cuta ne ga wanda aka rage wa tumbi. In likita ya ce ya tashi, a kama shi ya taka, ko da yana cije baki. Abinci kuwa kaɗan kaɗan, kamar sau 6 a yini, a tauna sosai, a guji yawan zaƙi, gama yana kawo jiri da gumi da zawo. Wanda aka cire wa tumbi duka zai riƙa karɓar bitamin B12 muddin ransa, galibi ta allura, in ba haka ba jininsa ya ƙare.

Amma fa gaggawa ba ganganci ba ce. Zazzaɓi, ko amai, ko ciwon ciki mai tsanani bayan sallama, alama ce ta a koma asibiti nan take, kada a tsaya neman jiƙo.

Malaman makaranta da na ofis, ku ne mutane kan tambaya in an kwantar da wani nasu. Ku bayyana musu wannan, ku kuma ƙarfafa musu su tambayi likita tun kafin ranar aiki yaushe majiyyaci zai fara sha, yaushe zai tashi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.