Kayan Ɗaki Ta Jirgin Ruwa: Abin Lura Ga Uwar Amarya

Uwargida, idan kina shirin aurar da 'ya a Haɗejiya, wataƙila an ba ki shawarar yin odar kayan ɗaki daga Guwanzu ta ƙasar Sin: tukwane, kuloli, labulaye da zannuwan gado. Wakili kan haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya, kuma galibi girman kwali ake biya wa kuɗi, ba nauyinsa ba.

Akwai sauƙi, amma jirgin ruwa ba ya gaggawa. Daga Sin zuwa Legas yakan haura wata guda, sannan a jira kwastan a Apapa, kafin tirela ta kai Kano. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, kuɗin fito yana bin farashin dala, don haka lissafin ranar oda kan sha bamban da na ranar karɓa.

Ki yi oda aƙalla wata huɗu kafin biki. Ki nemi rasit da jerin kaya a rubuce, a fayyace wanda zai biya abin da ya fashe. Ki kuma guji isowar kaya a Agusta da Satumba, lokacin da ambaliya kan yanke hanyoyinmu, kamar yadda aka gani a 2022.

Allah ya sanya alheri.